Kafin Kaya Ya Hau Sikeli

Ranar wata Asabar da hantsi, a wani lungu na cikin birnin Kano, na tarar da wani yaro ɗan jari bola ya jingine kurarsa a jikin katanga, ya durƙusa a kan wani baƙin keken ɗinki irin na ƙafa, wanda iyayenmu mata suka sani tun suna amare, yana dukan kan keken da guduma domin ya raba wannan ƙarfe da wancan, tun da kowanne da farashinsa a wurin mai sikeli. Da na tambaye shi abin da ya sami keken, sai ya ce, “Wallahi Baba ban sani ba, daga cikin gida aka miƙo mini shi ta zaure, aka ce ya tare wuri.” Ya biya abin da nauyinsa ya nuna, ya ɗora a kura. Ban ga laifin yaron ba, domin halaliyarsa yake nema da guminsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, na sani, sani na yaƙini, cewa tsakanin gidan da keken ya fito da bakin titi akwai wata baiwar Allah mai marayu wadda ta iya ɗinki, wadda da keken nan ya isa hannunta a haɗe, ko da sai an sake masa bel da ƙoshiya, da ya ci da gida shekaru masu yawa.

Wannan mas'ala ita ce masanan Turai suka sa wa suna tattalin arziki mai zagayawa, watau tsarin da ba a yarda abu ya tashi daga ma'adini ya bi ta masana'anta da kasuwa ya zarce juji a miƙe ba, sai dai ya yi ta kewayawa daga hannu zuwa hannu matuƙar da sauran amfani a jikinsa. Tun a 1966 wani masanin tattalin arziki a Amurka, Kenneth Boulding, ya kwatanta duniya da jirgin da ke tafiya cikin sararin samaniya, wanda guzurinsa ƙidayayye ne, kuma babu wata bola a waje da za a zubar da sharar cikinsa. Maganar ta daɗe a littattafai kafin Gidauniyar Ellen MacArthur, wadda aka kafa a Ingila a 2010, ta yayata ta, har Tarayyar Turai ta tsara mata shiri a 2015. Faransa ta yi doka a 2020 wadda ta hana kamfanoni lalata hajar da ta yi kwantai. Suwidin ta rage harajin gyaran keke da takalma da tufafi daga kashi 25 cikin 100 zuwa 12 a 2017, kuma a garin Eskilstuna na can akwai babban kanti, ReTuna, da aka buɗe a 2015 daura da wurin zubar da kaya, wanda hajarsa ita ce abin da mutane suka gaji da shi aka gyara. Abin lura a cikin karatun nasu, wanda sau da yawa yakan faɗi a hanya kafin labari ya iso mana, shi ne sun jera al'amarin daraja daraja: a ci gaba da amfani da abu shi ne farko, sa'an nan a gyara shi, sa'an nan a miƙa shi ga wani a yadda yake, narkarwa kuwa ita ce ta ƙarshe, ba a zuwa gare ta sai dabara ta ƙare. Mu kuwa a yau mun kama ta ƙarshen nan mun mai da ita farko.

Alhali kuwa duk wanda ya yi wayo a ƙasar Hausa kafin roba ta cika gari ya san cewa kowace daraja daga cikin waɗannan tana da mai ita, da sunansa, da ladansa. Idan ƙwarya ta tsage akwai gyartai, wanda ke bi gida gida yana ɗinke ta, har ƙwaryar da aka gada daga kaka ta kai ga jika da tabonta. Idan riga ta koɗe a kai ta karofi, irin na Ƙofar Mata da ake danganta asalinsa da 1498, a sake rina ta, a kai wa masu bugu, ta dawo tana ƙyalli. In ta tsufa ƙwarai a yanka wa yara, in ta wuce nan ta zama tsumma. Fartanyar da ta cinye takan koma maƙera ta fito lauje ko wuƙa. Hatta toka da shara da kashin awaki na cikin birni ba su zama asara ba, domin da rani jakai kan shigo da itace daga ƙauyukan kewaye, su koma da mangala cike da taki, kuma wannan zirga-zirga tana cikin dalilan da suka sa gonakin da ke kewaye da Kano suka jure noma kowace shekara ba hutu, kamar yadda Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya bayyana a bincikensa na shekarun 1960.

Amma a ganina ginshiƙin wannan tsari duka, in ana maganar kayan cikin ɗaki, ita ce dillaliya, kuma ban ga an ba ta haƙƙinta a rubuce ba. Dattijuwa ce galibi, wadda shekaru suka ba ta izinin shiga kowane gida ba shamaki, tana tafe da ƙunshi a ka. Matar da ke cikin kulle, wadda buƙata ta taso mata ko kuwa ta gaji da wani zane, ko langa, ko fanteka, ko tasa, ba sai ta fita ba, ba kuma sai kishiya ko maƙwabciya ta san halin da take ciki ba. Ta kira dillaliya ta damƙa mata, ta faɗi abin da take so a ba ta. Ita kuwa dillaliya, da yake ta san gidan da ake shirin aurar da 'ya, da gidan da aka yi haihuwa, da gidan da gobara ta taɓa, ba ta yawon banza: kai tsaye take nufar inda kayan zai sami mai so, ta sayar, ta kawo kuɗi, ta cire la'adarta. Jarinta guda biyu ne, sanin mutane da rufin asiri. Ba ta faɗin daga ɗakin da kaya ya fito, saboda haka mai sayarwa ba ta ji kunya ba, mai saye ba ta ji ƙasƙanci ba, kwano kuma ya ci gaba da zama kwano maimakon ya zama nauyin ƙarfe. Wannan aiki na haɗa mai gundura da mai buƙata cikin sutura shi ne ya yi rauni a unguwanninmu, kuma gurbin da ya bari shi ne mai kura da guduma ya shiga.

Ba al'ada kaɗai ta tsayar da wannan hali ba, yana da tushe a shari'a. Malaman tafsiri sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu, Allah ya yarda da shi, cewa abin da ake nufi da ma'un, wanda aka zargi masu hana shi a surar da ke ɗauke da wannan suna, shi ne ƙananan kayan gida da mutane ke ara wa juna, irin su tukunya da guga da gatari. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga mushen akuya an yar, ya nuna cewa da an jeme fatarta an amfana da ita. An kuma ruwaito daga Nana A'isha cewa yakan gyara takalminsa ya ɗinke tufarsa da hannunsa. Duk ɗalibin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya wuce ta babin da ya tattara hukuncin kyauta da sadaka da hubusi, watau waƙafi, da jingina da aro da ajiya da tsintuwa, wanda in aka dube shi da idon basira, babi ne na yadda kaya ke fita daga hannu ya shiga wani hannu ba tare da zalunci ba. Mun saba jin wa'azin israfi da almubazzaranci a kan abinci da bukukuwa, wannan kuwa daidai ne. Sai dai ban cika jin mai wa'azi ya ce kulle abu mai amfani a ɗaki har tsatsa ta ci shi, alhali maƙwabci na neman irinsa, shi ma tozarta dukiya ne ba, ga shi kuwa hani a kan tozarta dukiya ya zo a hadisi ingantacce.

To, me ya karya wannan tsari? Abu na farko shi ne irin kayan da kansa. Ƙwarya tana ɗinkuwa, tasa tana ƙeruwa, gadon ƙarfe yana karɓar walda, amma kujerar roba da ta karye, da bokitin da rana ta busar, da kabad na garin katako da aka manne wanda damina ɗaya ke kumbura shi, da fitilar caji da aka liƙe ta yadda ba ta buɗuwa sai an fasa, duk an yi su ne a kan su mutu a saya wasu. Arhar da muke murna da ita ranar saye, ita muke biya sau uku a shekara biyar.

Abu na biyu ya fi wannan zurfi, domin a zuci yake. Mun wayi gari ana auna mutuncin gida da sabuntar kayansa, har uba ya ci bashin da zai shekara yana biya domin a jera wa 'yarsa kayan da ba za ta taɓa girki da rabinsu ba, sai dai su zauna a kabad ana share musu ƙura, sa'an nan bayan shekara kaɗan a ce yayinsu ya wuce. In aka ce a ba amarya tukwanen uwarta masu kauri, waɗanda suka fi na kasuwa ƙarko nesa ba kusa ba, sai a ji tsoron bakin dangin miji. Akan kafa hujja da karin maganar nan cewa zanen aro ba ya rufe katara, an manta cewa wanda aka saya da kuɗi ko aka bayar kyauta ya fita daga hukuncin aro, ya zama mallaka halal. Abin da ya fi ba ni mamaki kuma shi ne, mutumin da zai ji nauyin a gan shi da rigar da ya saya daga maƙwabcinsa, shi ne zai tafi Ƙofar Wambai ya zaɓi gwanjon da wani wanda bai sani ba ya tuɓe a wata ƙasa, ya sa ya fita hankali kwance, saboda babu mai cewa ya san rigar.

A nan ya wajaba a bambance abu biyu da ake cakuɗawa. Gwanjon da ake shigowa da shi dila dila daga ƙetare ya rufa wa talaka asiri, ba mai musun wannan, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar naira kuma ta faɗi, sabon kaya ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Amma zagayen da ya fara a Turai ya ƙare a kwatarmu bai cika zagaye ba. Masu bincike a kasuwar Kantamanto ta birnin Akara a Gana sun ƙiyasta cewa tufafi wajen miliyan 15 ke shiga kasuwar kowane mako, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 nasu shara suke zama, su toshe magudanai su cika bakin teku. Mu kuma da muka ga masaƙar Kaduna ta farko, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, masaƙar UNTL da ta fi ta girma ta bi ta a 2007, bisa dalilai da suka haɗa da rashin wuta da fasa-ƙwauri, mun san abin da ake ji in tufafin mutane duka daga waje suke zuwa. Kayan da ya zaga cikin unguwa kuwa ba ya cin kuɗin jirgi, ba ya neman dala, kuɗin da aka biya yana nan a hannun maƙwabci, ladan gyara kuma ya shiga aljihun telan bakin layi.

Kada a fahimci cewa ina ƙasƙantar da masu sana'ar tsohon ƙarfe. Wanda ya shiga tsohuwar Panteka a Kaduna, ko kasuwar Katako a Yamai, ya ga yadda ake mai da tsohuwar ganga akwati ko kurfoti, tayar mota ta zama takalmi da guga, gwangwanin lemo ya narke ya fito tukunya, zai san cewa akwai hikima da ƙwazo a wurin waɗanda ba su taɓa zama a aji an koya musu sunan abin da suke yi ba. Narkar da tsohon alminiyom ba ya cin fiye da kimanin kashi 5 cikin 100 na makamashin da ake ƙonawa wajen fitar da sabo daga ma'adini, wannan kuwa riba ce babba ga duniya baki ɗaya. Illa dai sikeli nauyi kaɗai ya sani. Aikin maƙerin da ya daidaita haƙoran keken ɗinki, da hikimar wanda ya tsara shi, da shekarun da suka rage masa na aiki, babu ɗaya da ke motsa allurar sikeli, saboda haka duk abin da aka kai masa da sauran rai an sayar da shi a bakin farashin gawarsa.

Sana'ar kuma tana da nata aibobi da bai kamata a rufe ba. Ɓata-gari sun shiga cikinta, ana cire murafun kwalbati da wayoyin lantarki ana kai wa masu saye da ba sa tambaya, har gwamnatin Borno ta hana yawon tsintar ƙarafa a 2023 bayan an yi ta kashe masu shiga daji nemansu, hukumomin Abuja kuma suka hana jari bola a cikin birni a farkon 2025. Fuƙaha'u ba su yi saɓani ba cewa sayen abin da aka san na sata ne haram ne, kuma mai saye da ya rufe ido abokin tarayya ne a cikin zunubin. Haka nan ba kowane abu ne ya halatta ya zaga ba. Jarkar da aka zuba maganin ƙwari ba ta komawa ta ruwan sha ko ta man gyaɗa, kome wankin da aka yi mata. Gorar da aka tsinto a bola bai dace a ɗura mata zoɓo ko kunun aya a sayar wa yara ba. Kuma wani bincike da aka buga a 2014 a kan tukwanen da ake zubawa daga tarkacen ƙarfe a Kamaru ya sami gubar dalma tana fita daga jikinsu, saboda ana jefa kowane irin tarkace a cikin narkin. Mu da muka ga abin da wannan guba ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake ta hanyar haƙar zinariya ta zo, ba mu da uzurin yin sakaci da ita. Kawar da cuta yana gaba da jawo amfani, kamar yadda malaman usulu suka tabbatar.

Abin da nake ganin maslaha, ba kuwa sai an jira gwamnati ba, shi ne kowace unguwa ta mai da wa kanta aikin dillaliya ta fuskar da ta dace da zamani. Mazhabar Malikiyya da muke bi ta halatta hubusin abin da ake iya ɗauka, ba gida da gona kaɗai ba, saboda haka babu abin da zai hana kwamitin masallaci ko makarantar Islamiyya su ware ɗaki guda, da amintaccen mutum guda da littafi guda, inda mai manyan tukwanen biki, ko tabarmi, ko keken guragu da sandunan da majinyacinsa ya warke ya bari, ko littattafan da 'ya'yansa suka wuce ajinsu, zai kawo ya tsayar saboda Allah, mai buƙata ya ara ya mayar. Wanda yake son kuɗin kayansa kuwa a rubuta, a nema masa mai saye, a cire la'ada kaɗan ta mai tsaro da mai gyara. Sharaɗi biyu ne ba makawa: mai kawowa ya zama sananne ko ya zo da wanda ya san shi, domin a toshe ƙofar kayan sata, kuma a bayyana aibin kaya ga mai saye, domin ɓoye aibi algus ne, shari'a kuma ta ba wanda aka ɓoye wa haƙƙin mayarwa. Wanda zai bayar sadaka kuma ya tuna cewa Alƙur'ani, kusa da ƙarshen Suratul Baƙara, ya hana mutum ya zaɓo lalataccen da shi kansa ba zai karɓa ba ya ce shi ne sadakarsa. Ɗakin nan ba juji ba ne. A ɓangaren mata, na ga 'yan mata da zawarawa da yawa sun riga sun fara wannan dillanci ta WhatsApp, suna ɗaukar hoton gado ko firji su tura wa ƙawaye, kuma abin da suka fi buƙata shi ne a ɗauki aikinsu sana'a mai mutunci, su kuma su riƙe sirrin masu kaya yadda iyayensu suka riƙe.

Akwai wani wuri da kaya ke mutuwa da yawa wanda ba a cika magana a kansa ba, shi ne ɗakin mamaci. Sau nawa aka rufe ɗakin dattijo bayan sadakar bakwai, riguna da alkyabba da littattafai da buta da darduma suna ciki, magada suna jin nauyin juna, ba wanda ke son a ce shi ya fara maganar rabo, har gara da asu su riga kowa? Jinkirin nan ana ɗaukarsa kara, amma haƙƙin masu rai ne ake bari yana lalacewa. Daidai shi ne a kira malami a ƙiyasta kome, a raba bisa ƙa'ida, sa'an nan baligin da ya ga ba ya buƙatar rabonsa ya sayar ko ya bayar da yardarsa. Rabon maraya kuwa ba mai ikon yin kyauta da shi, sai dai waliyyinsa ya sayar da abin da ake tsoron lalacewarsa ya adana masa kuɗin.

Shi kuwa yaron nan mai kura, wanda ya fi mai unguwa sanin lungunan unguwa, bai kamata a bar shi a waje ba. Dalilin da ya sa yake fasa keke shi ne ba shi da inda zai kai shi a haɗe a biya shi fiye da nauyinsa a ranar, shi kuwa da cinikin yini yake cin abincin dare. Da ya san akwai ɗaki a bayan masallaci inda za a duba abin da ya ɗauko, a tambaye shi gidan da aka ba shi, a rubuta, in mai gyaruwa ne a ƙara masa wani abu a kan farashin sikeli, da can zai fara biyawa da fanka da dutsen guga da keken yara kafin ya wuce wurin mai awo, abin da mai gyara ya duba ya ce ba ya tashi kuma ya tafi da shi a narkar.